Gildo, Jakin Tagulla da Taliyar da Ba Alkama

Duk Fossarotta ba wanda bai san Gildo Scantamburlo ba, domin ko ba ka san shi ba zai tare ka a hanya ya sanar da kai. Direban bas ne da ya yi ritaya, amma kada ka kuskura ka ce masa direba. A ganinsa shi injiniya ne da duniya ta manta ta ba shi takarda. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, kuma tare muka yi firamare, don haka na sha kurinsa fiye da kowa. Shi ya gyara agogon majami'armu, har yau agogon yana buga sha biyu a lokacin da ya ga dama. Ni Tranquillo ni ne mai kaɗa ƙararrawa, ni ake zagi.

A ƙarshen lokacin zafi muke bikin waliyyin garinmu, ranar da ake fito da Jaki daga ɗakin ajiyar majami'a. Benci ne mai ƙafa huɗu da aka kafa wa bututun tagulla a ka. Mutum ya hau ya raba ƙafa, a ɗura kwaɓi, ya yi ta murza hannu, bigoli, taliyarmu mai kauri, ta riƙa zubowa ta faifan ƙasa mai huji-huji. Tun kakanni ba mai sa loma a baki sai mai ɗanɗano ta ci silin farko ta ɗaga cokali mai yatsu sama, ni kuma in ja igiya. Mijin mai ɗanɗano shi ke hawan farko. Cokalin nan yana hannun Ortensia, matar Gildo, tun rasuwar mahaifiyarta.

Bara ciwon hanji ya kwantar da Ortensia. Da ta tashi, likita ya hana ta duk wata tsaba: ba alkama, ba masara, ba shinkafa, har dankali ya haɗa. An bar mata kifi, nama, ƙwai, ganye da dangin gyaɗa. To a ƙasarmu in ka cire taliya da tuwon masara da shinkafa, abin da ya rage shi ne tebur da kujera. Duk inda aka gayyace ta, baiwar Allah sai ta zo da 'yar robarta mai murfi, ta buɗe a gefen tebur tana tsakura. Mutanenmu kuwa tausayi ba ya hana su tauna. Kowa baki cike da taliya yake leƙa robar ya ce, "Haƙuri, Ortensia. Sabo ne." Wadda ta fi kowa iya faɗar wannan ita ce Clelia, yayar Gildo, shugabar masu girkin biki. Na sha ganin Ortensia ta yi murmushi ta rufe robar ba ta cinye ba, kuma abin yana yi mini ciwo.

A taron shirin biki Clelia ta fasa ƙwan.

"Magana ta gaskiya, wadda ba ta cin taliya ba ta ɗanɗana taliya. A ba ni cokalin in riƙe mata."

"Ɗauki, Yaya," in ji Ortensia. "Ni bana ko dandalin ba zan sauko ba. Na gaji da zama da robata mutane suna yi mini ta'aziyya ina raye."

Gildo ya miƙe har kujerarsa ta kife.

"Ba mai taɓa cokalin nan. Matata za ta ci silin farko, daga bakin Jaki, kuma ba ƙwayar alkama ko ɗaya a ciki. Taliya mene ne? Gari ne da ruwa da matsi. Matsi kuwa fannina ne."

"Injiniya," in ji Clelia, "kai da ko ruwan shayi ba ka taɓa ɗorawa ba?"

"Ban taɓa ɗorawa ba saboda ya yi mini ƙanƙanta."

Fada Evaristo, limamin majami'armu, mutum ne da ba ya son rigima kafin abincin rana. Ya ce a bar cokali a hannun Ortensia zuwa ranar biki, in babu silin da za ta iya ci, ya koma wurin Clelia.

Washegari Gildo ya leƙo ta katanga yana neman makullin ɗakin Jaki. Na ce ko gawata ba za ta ba shi ba. Ya ce ba komai, dama Jakin tsohon yayi ne. Ya shiga gareji ya haɗa nasa da bututun ruwa da jak ɗin ɗaga mota.

Da garin almon, wani dangin gyaɗa mai yawan mai, ya fara. Ya kwaɓa buhu guda, ya ɗura, ya tara mu a bakin gareji mu shaida tarihi. Ya yi ta ɗaga jak, bututu yana nishi, muna leƙen ƙasa. Taliya ba ta fito ba. Mai ne ya fito, rawaya garai-garai, ya malalo ta ƙarƙashin ƙofa ya bi gangaren titi. Daidai nan Fada Evaristo ya ɓullo a kan kekensa. Ya ɗaga hannu zai sa mana albarka, albarkar ba ta ƙarasa ba sai a cikin shingen furannin Clelia.

"Ka ga taliya?" in ji Clelia tana cire wa Fada ganye daga kunne.

"Na ga mai," in ji Gildo. "Mutum nawa ne a garin nan suka taɓa haƙo mai a garejinsu?"

Daga nan ya koma kan zukini, doguwar kabewar nan koriya. Kuskuren da ya yi shi ne ya faɗa a shagon kofi cewa yana buƙatar kaɗan. Duk wanda ya taɓa shuka zukini ya san a ƙarshen zafi ba kai ke da ita ba, ita ke da kai. Ka tsinke goma da safe, da yamma wasu sun kai tsawon hannu. A wannan lokacin har rufe tagar mota muke yi, kada maƙwabci ya jefa maka kyauta. Sai ga mutum da bakinsa yana roƙo. Kafin rana ta yi tsaka aka fara zuwa da kwanduna, aka koma baro, wani daga bayan gada ya zo da tarakta. Gildo ya wayi gari ƙofarsa ba ta buɗuwa, ta taga ya fita.

"Ƙauna ce," ya ce mini yana karkaɗe wando. "Jama'a sun gane mai ilimi."

Ya ɗaura zukini a bakin injin huda bango, ya kafa wuƙa a gefe, ya kunna. Wallahi wannan karon sili ya fito, kuma bai san tsayawa ba. Ya ratsa tsakar gida, ya haye katanga, ya naɗe mini shanya. Gildo ya tattaro shi kamar mai naɗe igiyar rijiya, ya zuba a tafasasshen ruwa, ya ce a bar shi ya nuna sosai yadda ake wa bigoli. Da ya tsiyaye a rariya, rariyar ta fito wayam. Ya leƙa tukunya, ya leƙa rariya, ya dubi karena.

"Kar ka dube shi," na ce. "Ko shi bai kai ga wannan yunwar ba."

Ortensia tana zaune a bakin ƙofar kicin tana fere karas.

"Gildo, ka bari haka nan. Cokali ne kawai."

"Tensia, ke ba ki san kimiyya ba. Duk babban bincike sai ya ɓace sau ɗaya."

Ya gwada ƙwai, ya soya falle-falle ya yanka siri-siri, Clelia ta ɗaga ɗaya da yatsa biyu ta ce wainar ƙwai ce aka yi wa wulaƙanci. Ya gwada garin wake, kwaɓin ya bushe a bututu sai da aka sa guduma, guntun yana nan har yau ina tokare ƙofa da shi. Kaji suka daina ƙwai don gajiya, matan unguwa suka daina ba da aron tukunya.

Ana saura 'yan kwanaki ya hau bas ya tafi Padova, ya dawo da wani gwangwani na farin gari daga kantin masu abincin marasa lafiya. An ce masa ɗan ƙaramin cokali ake zubawa, ya kama kwaɓin da ba alkama ya hana shi wargajewa. Gildo ya ce ɗan cokali na matsorata ne. Ya juye rabin gwangwanin a garin almon da ƙwai, ya murza sili ɗaya da tafin hannu, ya dafa, ya miƙo mini ta katanga. Na sa a baki na tauna. Na tauna har na manta abin da nake taunawa. Da na ciro shi yana nan yadda na sa shi, ko shatin haƙori babu.

"Yaya ka ji shi?"

"Gildo, wannan in ka yi wa bas ɗinka taya da shi zai kai Roma ba faci."

"Ka ji ko? Ƙwari. Abin da taliyar alkama ta rasa ke nan." Ya juye sauran rabin a kwaɓin.

Ranar biki dandali ya cika. An jera dogayen tebura daga ƙofar majami'a har bakin magudanar ruwan da ta raba garin biyu. Babbar tukunya tana tafasa, miyar albasa da kifin gishiri tana ƙamshi har bayan gada. Mutanen ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu sun zo kamar kullum, su ci namu su koma su ce nasu ya fi. Kwaɓin alkama na gari duka yana cikin katon kwamin katako a kan 'yan ƙafafu, an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Ni ina ƙofar hasumiya da igiya a hannu. Ortensia ba ta sauko ba, tana tagar ɗakinta na sama da ke kallon dandali. Clelia kuwa har ta yi sabon gyaran gashi.

Gildo ya fito da farar riga da hular masu girki da ba wanda ya san inda ya samo. Ya ciro ƙunshin kwaɓinsa daga ƙarƙashin riga, toka-toka, yana rawa shi kaɗai.

"Me ye wannan?" in ji Clelia.

"Taliyar gobe."

"Gobe wari take yi?"

Fada ya ce hawan farko haƙƙin miji ne, a ƙyale shi. Gildo ya danna kwaɓi a bututu da gwiwar hannu, ya hau Jaki, ya ɗaga wa tagar sama hannu, ya fara murzawa. Zagaye na farko lafiya. Na biyu ya yi nishi. A na uku hannun ya tsaya cik, fuskarsa ta koma kalar miyar tumatir.

"Injiniya, ko mu tura?" wani daga cikin baƙi ya tambaya.

"Yana tunani ne," in ji Gildo. "Kwaɓi mai daraja ba ya fitowa da gaggawa."

Can sai ga sililai sun leƙo ta hujin faifai. Suka sauko kamar tsawon yatsa. Gildo ya saki hannu don ya yi jawabi, sililan suka koma ciki gaba ɗaya. Ya murza, suka leƙo. Ya saki, suka koma. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye ta ja jikokinta baya.

"Ko taliyar ta san ba a son ganinta," in ji Clelia. "Sauko, ƙanena, tun da sauran mutunci."

Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Gildo ya sa aka ɗauko masa dogon bututun ƙarfe daga gareji, ya zura a hannun Jaki, ya kira maƙerin gari da mahauci, ƙarti biyu, ya ce su rataya a ƙarshensa. Shi kuma ya rungume bututun tagulla yana ba da umarni. Duk wannan lokacin zafin rana yana dukan tagullar, farin garin nan yana ta kumbura a ciki. Jaki ya fara wani kuka da tun da nake ban taɓa ji ba.

"Kun ji?" in ji Gildo. "Waƙa yake yi. Ku ƙara kaɗan."

Suka ƙara. Ƙarar da ta biyo baya sai da ta tashi tantabarun hasumiya. Faifan ƙasa ya ɓalle, ya daki dutsen dandali, ya yi tsalle ya tsinke ƙafar kwamin kwaɓi. Jaki ya ɗaga ƙafafun gaba kamar na gaske, ya watsa Gildo cikin kwandon ɓawon albasa. Kwaɓinsa ya fito dunƙule guda, ya yi ta tsalle a tsakanin tebura, ya ɗauke gyaran gashin Clelia, ya wuce ta ƙofar majami'a. An ce a gaban bagade ya tsaya.

Kwamin kuwa ya sauka a kan duwatsu ya kama gangara. Dandalinmu a karkace yake, kowa ya sani, ba wanda ya taɓa damuwa sai ranar. Mata suka bi shi da ludaya, Fada ya tattare riga ya bi, mahauci ya yi tsalle ya kama ƙyallen kawai. Kwami ya tsallake bakin magudana ya kife a ruwa. Agwagin garin, waɗanda tun kakanninsu da miyar namansu muke cin bigoli, suka taso daga ko'ina. Ranar dai sun rama.

Baƙi suka yi dariya har wani ya faɗo daga benci. Gildo ya fito daga kwando da ɓawon albasa a gira.

"Laifin faifan ne," ya ce. "Tagullar da ba ta da inganci."

"Ta yi wa kakanka aiki, ta yi wa ubanka," in ji Clelia tana dafe kai. "Sai da ta gamu da kai ta rasa inganci."

Aka tsaya cirko-cirko. Jaki ya mutu, kwaɓi yana cikin agwagi, kantuna a rufe saboda biki. Abin da ke kicin ɗin mutane ba zai ciyar da rabin tebur ba. Ga miya tukunya guda ba abin ci da ita, kuma ba mai taɓa ko burodi sai ƙararrawa ta yi magana. Yara suka fara kuka. Fada ya zo ya raɗa mini ko zan ɗan ja igiyar bisa kuskure, na ce ni ba na kuskure sai agogo ya sa ni.

Sai muka ji ƙofa ta buɗe. Ortensia ce ta sauko, cokali mai yatsu a aljihun gaban rigarta, idanunta sun yi ja. Na ɗauka kuka ta yi. Da ta matso na gane dariya ce ta sha a sama har ta gaji. Ta tsaya gaban mijinta ta cire masa ɓawo daga gira.

"Injiniya, injin huda bangon nan yana aiki?"

"Tensia, ai inji irin nawa..."

"Je ka ɗauko. Ku kuma kowa ya je ƙofar gidana ya kwaso zukininsa. Kun san naku."

Haka aka yi jerin gwano, kowa rungume da kyautar da ya yi murnar rabuwa da ita. Gildo ya kafa inji a kan gawar Jaki, sili ya fara zuba, yara suna kamawa suna gudu da shi, mata suna datsewa da almakashi. Ya doshi tafasasshen ruwa da na farko, Ortensia ta riƙe masa riga ta nuna tukunyar miya. Aka juya a ciki sama-sama aka sauke.

Aka miƙa mata farantin farko. Ta naɗe sili a cokali, ta tauna a hankali, duk dandali yana kallon bakinta, Clelia ta fi kowa zuba ido. Ta haɗiye. Ta ɗaga cokali sama. Na ja igiyar nan da ƙarfin da sai da kafaɗata ta yi kwanaki tana ciwo, kuma ban yi nadama ba.

Ban taɓa ganin biki mai shiru irin wannan ba. Mutane tebur bayan tebur suna taunar kabewa kamar an kai su gidan makoki. Maƙeri yana tona farantinsa ko zai ci karo da taliya a ƙasa. Baƙi ma dariyar ta ƙare musu, tunda su ma ita aka zuba musu. Gildo ne kaɗai ke zagaya tebura da hularsa a karkace.

"Shirin ke nan tun farko," yake cewa. "Kuna tsammani faifai zai daki ƙafar kwami haka kawai? Lissafi ne."

Ortensia tana tsakiyar babban tebur, ba a gefe ba, farantinta iri ɗaya da na kowa, ba roba a kusa da ita. Ta cinye, ta miƙa a ƙara mata. Rabon da in ga ta nemi ƙari tun kafin ta kwanta ciwo.

Clelia da ke kusa da ita ta ɗaga wani koren sili, ta dube shi, ta mayar.

"Wai don Allah, Ortensia, yaya mutum zai rayu a kan wannan ciyawar? Ni loma uku na yi, har na fara tunanin wasiyya."

Ortensia ta goge bakinta, ta dafa hannun yayar mijinta a hankali, yadda aka shekara ana dafa nata.

"Haƙuri, Yaya," ta ce. "Sabo ne."